Wurin Harafi Ɗaya

Allon shagon bai taɓa daidaita ba. Katakon lafiyarsa ƙalau, rubutun ne ya karkata. Layin sama ya zauna a tsakiya sosai: MASTER TAILOR. Na ƙasa kuwa ya ja jiki ya koma hagu: & SON. Daga nan sai wani fili a dama, faɗin tafin hannu, shuɗin fenti zalla. Masu wucewa ba sa lura da shi. Malama tana lura da shi kowace safiya, sa'ad da take kokawa da kwaɗon ƙofa.

Ita ba malama ba ce, ba ta taɓa riƙe aji ba. Tela ce, 'yar tela, ta ba arba'in baya, kuma ita ke riƙe da shagon tun da idanun Baba suka fara hazo. Sunan ya manne mata tun tana firamare, allon nan kuma shi ne sanadi. Har yau baƙon da ya karanta shi yakan shigo ya gaida Baba, ya waiga hagu da dama, ya tambaye ta ko ɗan yana kusa. Takan ce ya miƙe hannu ta auna shi.

Da mai ginin ya aiko cewa za a yi wa gaban shagunan fenti, kowa ya sauke allonsa, sai aka sauke nasu aka jingine shi a ciki, tsakanin teburin yanka da keken ɗinkin Baba, wanda yanzu yake lulluɓe da zani. Ba ta taɓa ganinsa kusa haka ba. Farin haruffan ya tsattsage kamar kaushin dunduniya. Tsuntsaye sun bar shaidarsu a gefen sama. A cikin filin nan na dama kuma, da ta goge shi da tsumma, ta ga wani siririn zane da aka ja da bakin ƙusa, ya lanƙwasa sama, ya lanƙwasa ƙasa. S ne, an zana ba a cika ba.

Ta san ranar da aka ja shi. Tana wurin.

Baba ya buɗe shagon ne Yaya, wanta, yana tatata, Mama tana da tsohon ciki. Da mai fenti ya zo, Baba ya ce masa ya bar wurin harafi ɗaya a ƙarshe, akwai wani a hanya. Mai fentin ya bari. Aka haife ta. Baba bai ga wata matsala don ta zo mace ba. Aiki ne ya sha kansa, yau da gobe, aka yi ta cewa za a kira mai fenti, har ta yi wayo ta shiga makaranta, har ta fara sa maɓalli a rigunan mutane.

A kan teburin yankan nan take yin aikin makaranta. In an taso, Baba yakan ture yadi gefe ya share mata kusurwa ɗaya, ta buɗe littafi tsakanin alli da ƙyallaye. Shekarar da suka shiga darasin jam'in sunaye na Turanci, shagon gaba ɗaya ya shiga ajin. Tana rerawa, keke yana ba ta kiɗa: book, books, box, boxes, baby, babies, knife, knives. Turancin Baba na lambobin awo ne da sunayen yadi, amma wannan doka ta kwanta masa a rai: abu in ya wuce ɗaya, a liƙa masa s a wutsiya. Ya ce ashe Turawa ma suna da abu mai sauƙi.

Sai aka zo kan masu taurin kai.

"Ƙafa ɗaya foot, Baba. Biyu fa?"

"Foots."

"Feet."

"In ji wa?"

"In ji littafi."

"To. Ɓera fa?"

"Mouse. Ɓeraye mice."

"Su ma sun zille wa dokar, ɓarayin banza. Tunkiya?"

"Sheep."

"Tumaki?"

"Sheep."

Baba ya ɗage ƙafa daga keke. Ya leƙa ƙofa ya ƙwala wa maƙwabcinsu mai aski kira, ya zo ya ji abin mamaki.

"Tunkiya ɗaya sheep, garke guda sheep. To makiyayinsu ta yaya zai kai ƙara in an yi masa sata?"

Mai aski ya ce ai shi ya sa suka bar kiwo suka koma ƙera jirgi.

Ranar da ta gaya masa almakashi ba shi da tilo a Turanci, ya ɗaga nasa sama, babban nan mai baƙar mariƙa, ya jujjuya shi a haske.

"Wannan ɗaya ne."

"Scissors."

"Wando fa, ƙwaya ɗaya tak?"

"Trousers."

"Ashe duk sana'ata jam'i ce ban sani ba."

Ita ma ba ta ƙyale shi ba. Ta ce namu fa? Akuya, awaki. Sa, shanu. Mace, mata. Ina dokar take? Baba ya ce namu ba a koyonsa, a nono ake shansa.

Ranar allon ta zo ne bayan ta yi ɗinkinta na farko a kan keke, kalmasar ƙafar wando, ta fito sambal. Baba ya duba ta ciki da waje. Washegari ta dawo daga makaranta ta tarar da tsani a ƙofar shago. Mai fenti yana kansa, ya riga ya ja zanen da ƙusa, yana motsa farin fenti a gwangwani. Baba yana ƙasa riƙe da tsanin, tef a wuya. Mai aski ya fito kallo da reza a hannu, ya bar wani a kujera da rabin kai.

Ta karanta. Ta sake karantawa.

"Baba, ba daidai ba ne."

"Me?"

"Sons maza ne kawai."

"Ɗa ɗaya, son. 'Ya'ya, sons. Ke kika ce a ƙara s."

"Ni ba son ba ce. Daughter ce."

"To a wurinmu ɗa da 'ya in sun taru me ake ce musu? 'Ya'ya. Maza 'ya'ya, mata 'ya'ya. Kai, 'yar ma ita aka ninka, maza raɓawa suka yi."

"A Turanci children ake cewa."

"Childs dai."

"Children, Baba."

Mai fenti ya ƙirga haruffan a yatsu, ya auna filin da tafin hannu, ya girgiza kai. Sai dai a yi sabon allo. Baba ya dubi allon, ya dube ta, jaka a rataye, safa ɗaya ta zame. Sai ya yi dariya irin wadda take girgiza masa kafaɗu.

"Sauko, malam. Malama ta ce ba daidai ba ne."

Aka ba mai fenti shayi ya tafi. Da labari ya kai gida, Mama ba ta yi dariya ba. Tana ninke kaya ta ce, "Ke dai da bakinki. An share miki wuri kin ce shara ba ta fita ba." Ba ta gane maganar ba a lokacin. Ta dai san ta ci darasin jam'i kaf a jarrabawa.

Labarin ya zama na shago. Shekaru Baba yana ba abokan ciniki shi yayin da yake auna musu kafaɗa, kullum da alfahari: 'yarsa ta sauke mai fenti daga kan tsani. Ita ma tana dariya. Ta ci gaba da dariya har Yaya ya gama karatu ya sami aikin ofis a gari mai nisa, bai taɓa iya zura zare a allura ba. Har Mama ta rasu. Har ita ta yi aure tana zuwa shago da goyo. Har mai aski ya bi Mama, shagonsa ya koma na sayar da waya. Ba ta san ranar da dariyar ta ƙare mata ba. Ta dai wayi gari tana kallon filin nan kowace safiya, Baba kuma bai sake tayar da maganar ba. Ta ɗauka ya bar ta tuni, ko kuma daga baya ya ga gaskiyarta, cewa allo na ɗa ne. Roƙo kuwa ba ta iya ba. Ita ta rufe ƙofar da hannunta, da wane ido za ta koma ta ƙwanƙwasa?

A watan jiya likita ya gaya mata, Baba yana waje a kan benci, cewa ɗan ganin da ya rage ma tafiya yake yi. Yanzu manyan abubuwa yake gani: ƙofa, mota, mutum in ya tsaya a haske. Har yanzu kullum tana biyawa ta ɗauko shi, ya zauna a kujerarsa kusa da ƙofa, yana shafa yadin mutane yana faɗa musu wanda zai shiga in an wanke. In allon ya koma sama yadda yake, ta san haka zai zauna. Ba za ta ƙara harafin a bayan idonsa ba.

Yaya ya kira da hantsi, tana tsakiyar yankan wandunan 'yan makaranta. Ta maƙale wayar a kafaɗa.

"Auta, na ji an sauke allo."

"An sauke."

"Don Allah kada ki bari su canza shi da irin na ledar nan. A sake bin fentin kawai, yadda yake. Tarihi ne. Ko a ofis ina da hotonsa."

"Dole ka so shi, kai ne a jiki."

Ya yi dariya. "Ni da ko maɓalli ban iya sawa ba. Kin tuna ranar da kika sauke mai fenti? Kwanan nan na ba yarana labarin, suka yi ta dariya har da faɗuwa ƙasa. Malama ke nan!"

"Na tuna."

"Lafiya dai? Na ji muryarki wata iri."

"Allura ce a bakina."

Babu allura a bakinta. Ta miƙa wa Baba wayar suka gaisa.

Mai fenti na yanzu ɗan wancan ne, shi ma har ya yi sanƙo. Yawancin aikinsa a kwamfuta yake bugawa, buroshi sai don mutunci. Ya iso da yamma da gwangwanaye ɗaure a bayan babur, ya durƙusa ya gaida Baba, ya fito da allon bakin ƙofa ya ɗora shi a kan kujeru biyu. Ya zagaya shi yana ƙwanƙwasawa.

"Katako kam da sauransa. Hannun tsohona ne wannan, Allah ya jiƙansa. Ko ido rufe na san R ɗinsa, kullum ƙafa ɗaya a gaba kamar zai tsallake kwata. Amma Baba, me ya kori layin ƙasa hagu? Tsohona ba ya irin wannan kuskure."

"Ba kuskurensa ba ne. Matsa in gani."

Baba ya tashi ya dafa allon. Ya bi haruffan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har ya wuce N ya faɗa filin. Yatsan ya ɗan yi lalube, ya sami zanen, ya bi shi sama, ya bi shi ƙasa.

"Yana nan ashe."

Mai fenti ya sunkuya. "S ne wannan. An fara an fasa."

"An fasa."

"To ni yadda yake zan bi, ko yaya?"

Malama ta ci gaba da yanka. Almakashin yana ƙaras-ƙaras a kan tebur.

"In za ku ji shawarata," in ji mai fenti, "a yi sabo. Tsakani da Allah, wa ke aikin nan? Malama ce. Ɗan da ke jikin allo ni ban taɓa ganinsa da tef a wuya ba. A sa DAUGHTER kawai, ko CHILDREN in ba a so a ɓata wa kowa. In buga muku shi fes, har da hoton keke."

"Wannan allon nake so. Matata ce ta zaɓi shuɗin."

"To wannan harafi ɗaya zai ɗauka, kuma S ɗin ba zai yiwu ba. Sons maza ne, Baba. Ku da malaman makaranta ke kawo muku ɗinki, sai a ce duk shagon ba wanda ya shiga aji."

"Haka aka gaya mini." Baba ya juya fuska inda ƙarar almakashi take fitowa. "Kada ka tambaye ni, yaro. Ba ni da iko da wannan wurin. Tambayi Malama."

Almakashin ya tsaya.

"Ni kuma, Baba? Allonka ne."

"Allona ne, wurin naki ne. Ni na kira mai fenti sau ɗaya, aka sauke mini shi."

"Ina yarinya fa."

"Yarinya mai gaskiya. Na tambayi mutane daga baya, kowa ya ce haka ne. Har wani mai koyarwa a jami'a na tambaya, ina auna masa kwat. Ya ce 'yarka ta yi daidai, kada ka taɓa allon nan."

"To me ya sa ba ka sake yi mini maganar ba?"

"In ce me? Ki ce mini a'a sau biyu?" Bai ɗaga yatsansa daga zanen ba. "Na ce wata rana ko Turawa su gyara dokarsu, ko ke ki sassauta taki. Su dai na ji su shiru."

Mai fenti ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya tsuguna ya kama ɓanɓare murfin gwangwani.

Malama ta ajiye almakashin ta fito ta tsaya a kan allon. Ba ta manta ko ɗaya ba. Foot, feet. Child, children. Ta san malamar Turancin da ke kawo mata ɗinki za ta ɗaga kai ta karanta, ta shigo ta tambaye ta ina sauran mazan suka shige. Ta san ba daidai ba ne yau, gobe ma ba zai zama daidai ba. Ta dubi yatsan Baba, da kantar allura a kansa, yana kwance daidai inda mai fenti na farko ya tsayar da ƙusarsa.

"Cika shi," ta ce.

"S ɗin?"

"Shi."

"Malama, na gaya miki fa, mutane..."

"Na sani. Na riga ka faɗa, kai kana gida kana wasa da gwangwanayen babanka."

Baba ya gyara tsayuwa ya juyo gare ta. "A'a, a bi ta hanya, kada gobe a ce ni na yi. Ɗa ɗaya?"

"Son."

"'Ya'ya?"

Ta dubi zanen.

"Sons."

"Ka ji ko, yaro? Malama ta ce daidai ne."

"Ban ce daidai ba ne, Baba. Cewa na yi a cika."

"Ya ishe ni."

Kafin ya shafa shuɗin, mai fenti ya nemi ƙusa ya bi tsohon zanen ya ƙara masa zurfi, don kada sabon fenti ya binne shi. Washegari ya dawo da farin. Ya bi haruffan mahaifinsa yadda suke, har da ƙafar R ɗin, ya bar S sai ƙarshe. Ya cika shi a hankali. Da ya gama ya ja baya, ya ce cikinsa na ƙasa ya fi na sama girma, amma haka tsohonsa ya ja shi, shi ba ruwansa.

Ta aika wa Yaya hoton. Bai daɗe ba ya kira.

"Auta, wa ya yarda aka yi wannan? Kuskure ne ai. Ke ce ma kika..."

"Malama ce ta yarda."

Tana jin ƙarar fankar ofishinsa ta cikin wayar. Can ya ce ta sake ɗauko masa hoton in an kafa, na bangonsa ya tsufa.

Da fentin ginin ya bushe aka mayar da allon sama. Ta riƙe hannun Baba suka tsallaka titi, suka tsaya a gaban rumfar mai gyaran takalma, inda yake tsayawa a da in yana so ya ƙare wa shagonsa kallo. Ya ɗaga kai ya ƙanƙance ido.

"Ba na ganin haruffan. Fari-fari dai nake gani, layi biyu."

"Su ne."

"Na ƙasan ya zo tsakiya?"

Ta duba. Filin hagu da na dama sun zama ɗaya.

"Ya zo."

"To. Mu koma, wandunan nan ba za su yanka kansu ba." Ya jira wata mota ta wuce, ya sa ƙafa a titi. "Trouserses nawa suka rage?"

"Trousers, Baba."

"Na sani. So nake in ji ko har yanzu kina nan."